Albasar Marwa da Maganar Sito

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan albasa ne.

Duk wanda ya shiga kasuwa a Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, cikin watan Maris ya ga buhuna jibge a rana, an yafa musu zana, manomi na tsugune yana jiran dillali. Ba shi da wurin ajiya, ga bashin taki da na man injin ban-ruwa a wuyansa, ko nawa aka taya sai ya sallama. Da damina ta yi nisa kuwa, uwargida za ta zo da kuɗin cefane ta tarar albasa ta fi ƙarfinta. Ina waccan tulin ta tafi? Wata ta bi mota zuwa Yawunde da Duwala, wata ta ruɓe a nan gabanmu. Zura hannu cikin buhun da ya kwana biyu a ƙasa, za ka ji laushi, warin ma ya ishe ka bayani. Wallahi abin yana ci mini rai, domin gumin wata huɗu ne ake kwashewa a kai juji.

Hanya ma ba ta taimaka ba: layin dogo ya tsaya a Ngaundere tun 1974, daga can zuwa Kuseri sai babbar mota.

Kamaru tana da dokar haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa tun 2006, an kuma sabunta ta a 2023. Amma da an ambaci 'yan kasuwa, sai hankalin hukuma ya tafi kan manyan kamfanoni. To ƙungiyar masu albasa fa? Matan da ke kasa tumatir da kuɓewa fa? Su ma masu jari ne, kuma su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi.

Siton albasa ba ya bukatar firji. Rufi ne mai inuwa, da bangon da iska ke ratsawa, da katakon da zai ɗaga kaya daga ƙasa. Shawarata ita ce ofishin magajin gari ya ba da fili da masu gadi, ƙungiya ta gina ta kula, bankin talakawa ya ba manomi rance a kan buhunan da ya ajiye, ya biya idan farashi ya farfaɗo. Gero da masakwa ma haka, don hukumar hatsi da ke Garwa ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai ba.

Abin da nake tsoro shi ne a gina, a yanka kuɗin haya mai tsada, ƙananan 'yan kasuwa su koma bakin titi. Don haka kafin a sa hannu, a kira sarkin kasuwa da shugabar mata, a rubuta kuɗin ajiyar kowane buhu cikin yarjejeniya, a kuma manna shi a ƙofar sito da Faransanci da Hausa da Fulatanci.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu gobe.