Rediyo a akori-kura: ka ƙyale soket ɗin sigari

Tambaya ɗaya ce ta cika mini waya a makon nan: "Malam, na ɗaura rediyon oba-oba a Hilux ɗina, yana kamawa lafiya, amma da na danna makirfo sai ya mutu. Jabu aka sayar mini?" A'a, ɗan'uwa, rediyonka ƙalau yake. Inda ka ɗebo masa wuta ne matsalar.

Bari mu gama da masu sauƙi. Rediyon ya shiga ƙarƙashin kujera, inda iska za ta ratsa shi, don yana ɗaukar zafi. Fuskarsa, wato ɓangaren da ke da maɓallan, a gaba, inda ba za ta tare maka hanya ba. Shi ke nan.

To, ga inda ake faɗuwa. Kun ga wannan soket ɗin sigari da ake cajin waya? Fis ɗinsa yawanci amfiya 10 ne zuwa 15, wayarsa kuma siririya. Rediyo mai wat 50, irin Icom IC-2730, in yana saurare kaɗan yake sha. Amma da ka danna don yin magana, sai ya nemi kusan amfiya 13 a take. Kamar ka ce rijiyar gida ta shayar da garken shanu ne. Wuta ta faɗi, rediyo ya ɗauke, wani lokacin ma har ka ji ƙaurin roba.

Saboda haka kai tsaye za mu je batir.  Waya mai kauri, mu bi da ita ta wannan robar da ke bangon da ya raba inji da mazauni. Kada ka bi ta ramin ƙarfe tsirara, girgizar hanya za ta yi ta cin bayan wayar har ta taɓa bodi. Jar waya kan + na batir, fis ɗinta dab da batir ɗin, ba can kusa da rediyo ba. Me ya sa? Fis wayar yake tsaro. In ta fashe a tsakiya, duk abin da ke gabanin fis ba shi da mai ceto.

Baƙar kuma, a sababbin motoci akwai ɗan na'urar awo a kan batir, to ka ɗaure ta a bodi, inda ta batir ta sauka. Mai wayarin ɗin unguwarmu ya taɓa ce mini wannan duk iyayi ne. Har yau muna gaisawa, amma ba ya taɓa motata.

Eriya a tsakiyar rufi ta fi, tana son ƙarfe a ƙarƙashinta. A zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146, ƴar sandar nan mai kusan santimita 50 ta wadatar. Auna SWR, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da rediyo, in bai kai 1.5 ba, madalla.

Lasisi dai sai da shi kafin ka yi magana, a Najeriya lambar kiranka da 5N za ta fara, a Nijar 5U. Yanzu tada mota, danna makirfo. Kun gani? Fitilar rediyon ko ƙyaftawa ba ta yi ba.