Rigar Shafin Bayanan Fasaha: Kafa Ta da Kula da Ita

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai da 'yan uwa masu sana'ar rubuta manhaja, maganarmu ta yau a kan shafin da ake ajiye bayanan manhaja take, wato inda mai amfani da ita zai je ya karanta yadda ake girka ta da yadda ake aiki da ita. Mafi yawan irin waɗannan shafuka tsayayyu ne: marubuci yana rubuta bayaninsa a fayil na rubutu zalla, wata manhaja ta juya shi zuwa HTML, wato tsarin rubutun da burauza ke karantawa, sau ɗaya, sai a ɗora a kan saba, wato kwamfutar da ke miƙa shafin ga masu karatu, ba tare da rumbun bayanai ba. Georg Brandl ya fitar da Sphinx, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, a 2008 domin bayanan harshen Python, kuma a 2016 masu kula da zuciyar Linux suka koma kansa. MkDocs ya zo a 2014 daga hannun Tom Christie, kuma da shi zan yi misali, domin fayil ɗaya ne, mkdocs.yml, yake riƙe da dukkan saitinsa.

Abin da muke kira riga shi ne tarin fayilolin da ke yanke hukunci a kan launi, da salon haruffa, da jerin babuka na gefe, da akwatin bincike. Wadda ta fi shahara a MkDocs ita ce Material, ta Martin Donath, kuma bayanan FastAPI, wani kayan aiki na Python, sun yi amfani da ita. Kafa ta ba ya ɗaukar lokaci: a girka ta da pip, manhajar girka kayan Python, a rubuta sunanta a mkdocs.yml, a kunna mkdocs serve a duba a burauza.

Wahalar tana farawa ne ranar da shugaban aiki ya ce yana son tambarin kamfani a sama, ko yana son a sauya rubutun ƙasan shafi. Abin da matasa da yawa suke yi shi ne su buɗe fayilolin rigar kanta su gyara, ko su kwafe ta gaba ɗaya cikin ma'ajiyarsu. A ranar komai zai yi kyau, amma daga wannan rana rigar ta zama tasu su kaɗai, kuma duk gyaran da mai ita zai yi nan gaba, na tsaro ne ko na yadda shafi ke bayyana a waya, ba zai iso gare su ba sai sun zauna sun gwama fayiloli layi bayan layi. Ina roƙonku da ku guji wannan hanya. MkDocs ya tanadi saitin custom_dir, inda za ka nuna wata folda taka, ka buɗe fayil mai suna main.html wanda zai gaji base.html na rigar ta hanyar Jinja, harshen da ake tsara fayilolin riga da shi, ka sauya sashen da kake bukata kaɗai ka bar sauran. Idan launi ne kawai damuwarka, ko wannan ma ba ka bukata, domin extra_css, saitin da ke ƙara fayil ɗinka na launi da salo, ya isa. Masu amfani da Hugo, wata manhajar gina irin waɗannan shafuka, suna da irin wannan damar, saboda fayil ɗin da ke cikin foldar layouts ta aikinka yana rinjayar takwaransa na cikin riga.

Sai batun siga. Ka rubuta ainihin lambar sigar rigar da ka gwada a requirements.txt, fayil ɗin da ke lissafa manhajojin da aikin ke bukata, domin idan ka bar wurin a buɗe, injin da ke gina shafin zai ɗauko sabuwa duk ranar da ta fito, kuma shafinka zai iya karyewa alhali ba ka taɓa komai ba. Wannan ba yana nufin ka daskare a wuri ɗaya ba. Ka ware lokaci ka karanta bayanin sauye-sauyen sabuwar siga, ka gwada ta a wani reshe na Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, sannan ka duba kowane fayil da ka sauya da hannunka, domin nan ne ɓaraka take fitowa. Umarnin mkdocs build --strict yana mayar da gargaɗi kuskure, ta yadda mahaɗin da ke nuna shafin da babu shi zai tsayar da ginin kafin mai karatu ya ci karo da shi.

Ga wanda zai rubuta bayanansa da Hausa kuma, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da su ba, kuma idan babu su, burauza za ta aro su daga wani salon, sai kalma ɗaya ta fito da kama biyu. Material kuwa tana jawo salon haruffa na Roboto daga sabar Google, wanda ƙarin data ne a kan mai karatu da ke kan waya da raunin sabis. Ana iya kashe wannan da saitin font: false, a bar wayar ta yi amfani da haruffan da ke cikinta, ko a ɗora salon da aka tabbatar yana da haruffan a cikin foldar aikin. Ku gwada shafin a ƙaramar waya, ku rubuta kalma mai ƙugiya a akwatin bincike ku ga ko za ta fito, kafin ku sanar da jama'a adireshinsa.