Ƙwan Gida ko na Keji?

Malam: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa kan maganar nan, wai shaguna su daina ajiye ƙwan kajin keji, sai na kajin da ke kiwo a sake. Hajiya, ke kika tono ta.

Hajiya: Ni ce, Malam. Ƙanwata na raka wani gidan gona bayan Mararrabar Rido, nan Kaduna, sayen kiret biyar na biki. Wallahi ranar barcina rabi da rabi. Kaji huɗu a keji guda, ba mai iya buɗe fiffike, gashin wuyansu duk ya goge saboda zura kai ta tsakanin waya. Dabba amana ce fa. Tarayyar Turai ma tun 2012 ta haramta irin wannan matsattsen keji.

Auta: Amma Anti, can Turai ai...

Hajiya: Tsaya in dire, Auta. Da na dawo gida na zauna na yi lissafi, sai jikina ya yi sanyi. Kazar Hausa in ta saka goma sha biyu sai ta hau kwanci, a shekara da ƙyar ta ba ka sittin. Ta gidan gona kuwa tana kusantar 300. Mai shayin layinmu a Tudun Wada kiret uku yake fasawa a dare ɗaya. A ina zai samo? Uwar da ke sayen ƙwai ɗaya ta raba wa yara biyu kafin makaranta fa, me za mu ce mata?

Malam: Ga hunturu, ciwo ya shigo ya share kajin unguwa kaf.

Auta: Amma murar tsuntsaye ta 2006 a babban gidan gona ta fara ɓulla, nan Jaji.

Hajiya: Gaskiyarka. Shi ya sa nake cewa cunkoson ne matsala. Akwai masu shimfiɗa dusar katako a ɗaki mai faɗi, kaza ta yi tono, ta yi birgima, kuma ta yi ƙwai sosai. Ga kazar Shika Brown da aka samar a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke nan Zariya, don yanayinmu aka yi ta. Ni dai shago ya ajiye duka biyun, amma a rubuta a jikin kiret, in san abin da na saya.

Auta: Ni fa ƙwan zabi ya fi min.

Malam: Kai, ka tuna min damina! A Kasuwar Kawo ran Talata, a tsoma su cikin kwanon ruwa, wanda ya taso sama a ware shi.

Auta: Da wasan fashe, Malam! Ka ƙwanƙwasa a haƙori ka ji mai tauri.

Malam: Wanda nasa ya fashe ya miƙo. Akwai wani yaro a Unguwar Sanusi, ƙwai ɗaya ya cinye na layi guda da shi.

Hajiya: Dafaffe da ɗan yaji a takarda, ga gwaiduwa jawur.

Auta: Anti, kalar gwaiduwar nan daga jinsi ne?

Hajiya: Daga abinci ne. Ganye da jar masara ke sa ta. Af, ban ma yi maganar tsadar masara da waken soya ba, wadda ta sa masu ƙananan gidajen gona da yawa suka rufe.

Malam: Hajiya, an kira magariba. A ci gaba da turo saƙo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.