Sharhi: Soyayya da aure ga masu jinkirin fahimta

Jama'a masu sauraro, da wuya a sami unguwa a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, da babu saurayi ko budurwa da aka haifa da jinkirin fahimta, waɗanda bakinmu ya saba kira dolo ko gaula. Za ka ga saurayin yana tura kurar ruwa tun asuba, yana tara 'yan sefarsa a gwangwanin madara, ranar kasuwa ya sayi sabulu da man shafawa ya kai wa wadda yake so a matsayin toshi. Majalisa sai ta ɗauke shi abin nishaɗi, ana tambayarsa yaushe za a kai lefe, ana shewa, alhali shi da gaske yake yi.

Wannan lalura ba hauka ba ce. Mutum ne da karatu, lissafi da yanke shawara suke ɗaukarsa lokaci fiye da sauran jama'a, amma yana kewa, yana kishi, yana son a so shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne halin da 'yan mata suke ciki. Wasu iyayen sukan kulle 'yarsu a ɗaka saboda tsoron ɓata-gari, kuma tsoron yana da dalili, domin yarinyar da ba a taɓa koya mata cewa jikinta nata ne ba, ita ce ake yaudara da alewa ko dala biyar. Wasu kuma sukan bayar da ita auren sadaka ga dattijon da ba ta sani ba, don a sauke nauyi. A duka biyun babu wanda ya zauna ya tambaye ta abin da take so.

Sashe na 23 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya tanadi 'yancin aure bisa yardar ma'auratan, Kamaru kuma tana da dokarta ta 13 ga Afrilun 2010 mai kare naƙasassu. Sai dai takarda ba ta shiga zaure. Waliyyi da gwaggo ne za su bayyana wa yarinya ma'anar aure da kalmomi masu sauƙi, su maimaita har ta gane, su saurari amsarta ko da "a'a" ce. Idan aka ɗaura, sai a ba ma'auratan ɗaki kusa da dangi, inda za a taya su lissafin cefane da zuwa awo asibiti.