Turba a Cikin Dajin Sawaro: Lacca kan Tafiyar Ƙasa a Hamadar Tusan

Wani malamin ilimin tsirrai ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗalibai da malamai a wani zaman yamma. An ɗauke ta a rikoda, aka mayar da ita rubuce, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Malamaina da ke zaune a sahun gaba, a yi mini afuwa, zan yi magana a gabanku. Ɗalibai, sannunku da haƙuri, na san tun la'asar ake tsare da ku.

Ranar da wani abokin aikina Ba'amurke ya ce in shirya, Asabar za mu tafiyar ƙasa, sai na tambaye shi ina muka nufa. Ya ce kan dutse. Na ce wa za mu gaida a can? Ya ce ba kowa. Me za mu sayo? Ba komai, hawa za mu yi mu sauko. Ni da na tashi ina zuwa makaranta a ƙasa, ina kai abinci gona a ƙasa, yau ga mutum da motarsa lafiya lau, zai ajiye ta ya je ya sha wahala kyauta. (Dariya.) To, baƙo ba ya gardama, na bi shi. Wannan fitar ce mafarin abin da zan gaya muku yau.

Garin shi ne Tusan, a kudancin jihar Arizona, ba nisa da iyakar Amurka da Meziko. Da shi da kewayensa mutum kusan miliyan ɗaya ne. Yana zaune a cikin hamadar Sonora, kuma ruwan da yake samu a shekara bai wuce milimita 300 ba, wato bai kai na Damagaram ba. Sai dai nasu kashi biyu yake zuwa: yayyafi mai laushi lokacin sanyi, sannan hadari mai tsawa daga Yuli zuwa Satumba. Wannan rabon shi ya sa hamadar tasu ba irin ta rairayi ba ce da kuke gani a hoto. Cike take da tsirrai, kusan duk masu ƙaya.

Inda muka nufa wani gandun daji ne, sunansa ya samo daga wata ƙatuwar murtsunguwa da suke rubutawa saguaro, amma a baki sawaro ake cewa. Gandun gida biyu ne, ɗaya gabas da gari a gindin duwatsun Rinkon, ɗaya yamma a duwatsun Tusan, birnin kuma yana tsakiya. Shugaban Amurka Hoover ne ya keɓe ɓangaren gabas a 1933, Kennedy ya ƙara na yamma a 1961, sai a 1994 aka ɗaga shi ya zama cikakken gandun ƙasa. Faɗinsa wajen hekta 37,000, turbobin tafiya a ciki sun haura kilomita 260. Daga tsakiyar gari zuwa bakinsa tafiyar kamar rabin sa'a ce a mota. Mutum zai iya hawa dutse da asuba ya dawo ofis da hantsi.

Mu ɓangaren yamma muka nufa, muka ɗauki turbar da ake kira King Canyon zuwa ƙololuwar Wasson, wadda ita ce mafi tsawo a duwatsun Tusan, mita 1,429. Zuwa da dawowa kamar kilomita 11 ne. Na yi sallar asuba a gefen mota, muka kama hanya gari bai gama wayewa ba.

Wannan sammakon ba don burgewa ba ne. A watan Yuni zafin Tusan yakan wuce digiri 40, an taɓa auna 47 a 1990. Za ku ce ai mu ma mun san wannan a Maiduguri da Sakkwato. Haka na ce, kuma girman kan nan ne ya kusa ba ni kunya. Na ɗauki gorar ruwa ɗaya tak. Abokina ya dube ni ya ce ƙa'idarsu a nan lita guda duk sa'a, kuma in ruwanka ya kai rabi, to tafiyarka ta kai rabi, ka juya ko da kana hangen ƙololuwa. Na ce masa ni ɗan Sahel ne. Kafin mu kai sama na shanye nawa ina satar kallon nasa. Bambancin shi ne mu a gida mun san inda inuwa take, mun san rijiya, mun san ba a hawan dutse da rana tsaka. A can iska busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zubar da komai ba.

Abu na biyu da suke gargaɗi a kai, busasshiyar ƙorama. Turbobi da yawa suna ratsa ta, yashinta da daɗin takawa. Amma da damina ruwa zai iya sauka a kan dutse can nesa, kai sama tana tas a kanka, sai ka ji ƙugi, ambaliya ta iso. Wanda ya san kwazazzaban Agadas ba sai an yi masa bayani ba. A jikin duwatsun wannan ƙoramar akwai zane-zanen da mutanen Hohokam, tsoffin mazauna yankin, suka sassaƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, amma wanda yake son ganinsu da sauƙi, tudun Signal Hill ya fi, tafiyar 'yan mintoci ce daga mota.

Macizai akwai, masu kacau-kacau a wutsiya, kuma in ka ba su hanya za su ba ka. Akwai wani ƙadangare mai dafi, jikinsa kamar an jera duwatsun wuya baƙi da ruwan goro. Akwai wata dabba kamar ƙaramin gadu da ke yawo garke-garke. Duk ba su dame ni ba. Wanda ya yi mini horo shi ne wata murtsunguwa da ake ce wa cholla: ka ɗan goge ta, sai gaɓa guda ta ɓalle ta maƙale maka a ƙauri. In ka sa hannu, ta koma hannun. Shi ya sa za ka ga masu tafiya da mataji a aljihu, ba don gashi ba.

Yanzu bari in zo kan ita sawaro, don ita ce ta sauya mini fahimta.

Ku ɗauka kuna tsaye gaban wani kore ginshiƙi mai tsawon mita 12, ya ɗaga hannuwa sama kamar mai addu'a. Jikinsa a nannaɗe yake kamar ninkin zani, in ruwa ya sauka sai ya buɗe ya sha, in rani ya yi ya tsuke. Saiwoyinsa ba sa nitsawa can ƙasa, galibinsu a shimfiɗe suke dab da fuskar ƙasa, su bazu nisan tsawonsa. Wasu tsuntsaye masu ƙwanƙwasa itace suna huda shi su yi sheƙa, in sun tashi wata 'yar mitsitsiyar mujiya ta gaje ɗakin. Furensa fari ne, yana buɗewa da dare a Mayu da Yuni, jemagu su sha, da safe kurciyoyi da ƙudan zuma su ƙarasa. Mutanen Tohono O'odham, masu ƙasar tun asali, suna tsinkar 'ya'yansa da maƙata da suke haɗawa daga haƙarƙarin matacciyar sawaro, su dafa su yi maɗi, kuma da wannan kakar suke fara lissafin shekararsu. Har yau suna da izinin yin haka a cikin gandun.

Mai ganin wannan ƙato zai ce ba abin da zai taɓa shi. To ku saurari yarintarsa. Ɗa guda yana ɗauke da iri kusan 2,000, ƙanana kamar na alayyafo. Wanda ya tsira a cikinsu, bayan shekara goma bai fi ɗan yatsa ba, santimita uku ko huɗu. Hannun farko ba ya fitowa sai ya shekara 50 zuwa 75. Yakan rayu shekara 150 zuwa 200. Kuma a ƙuruciyarsa ba ya iya zama a fili, rana za ta gasa shi, sanyi zai daskarar da shi, ɓera zai cinye shi. Sai ya faɗi a ƙarƙashin wata bishiya, palo verde ko meskit, ta rufe shi. Ni ina kiranta uwar goyo. Abin tausayi, sau da yawa in ɗan ya girma yakan shanye ruwan uwar goyon ta mutu. Wannan kuma ba sai a tsirrai kaɗai ake gani ba. (Dariya.)

A hanyar saukowa na gaji, na hangi inda turba ta yi gwiwa, na ce bari in yanke. Na taka uku a waje abokina ya kira sunana da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya zo ya durƙusa gindin wata bishiya, ya ɗaga reshe, ya nuna mini wani abu kamar ƙwallon dabino mai farin gashi, tazarar tafin hannu daga takalmina. Ya ce wannan ya girmi ɗansa na fari. Daga ranar na daina ganin turbar a matsayin hanyar da aka share mini don jin daɗi. Iyaka ce aka ja wa ƙafata. Mutum dubu in suka bi layi guda, layin nan kaɗai suka kashe. In kowa ya yanke tasa hanyar, shekara hamsin ba za a ga komai ba, manyan suna nan tsaye, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto, alhali ba magada a ƙasa.

Kuma hakan ya taɓa faruwa. Hotunan shekarun 1930 na ɓangaren gabas suna nuna sawaro cunkus, har ake kiran wurin dajin murtsunguwa. Daga baya manyan suka yi ta faɗuwa, ba ƙanana masu maye gurbi. Aka zaci annoba ce, har a farkon shekarun 1940 an sare wasu an binne. Sai a hankali aka gane matsanancin sanyi ne yake kashe tsofaffin, irin wanda aka yi a 1937 da 1962, su kuma ƙananan an daɗe da hana su tashi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sare iyayen goyo ana hura murhun ƙona dutsen farar ƙasa, kangon murhun nan yana nan gefen turba har yanzu. Shanu kuma suna fakewa a sauran inuwar da ta rage, suna tattake abin da ke ƙarƙashi. Sai a 1979 aka gama fitar da shanu, bishiyoyi suka farfaɗo, ƙananan sawaro suka soma yawa. Yanzu duk shekara goma ana ƙidaya su.

Kada wani ya fita ya ce Malam ya ce makiyayi ne matsala. Namu dajin ya tashi tare da kofato tun fil'azal, gawo ma hanjin dabba ne yake taimaka wa irinsa. Sawaro ba ta san saniya ba sai da Turawa suka kawo ta.

Na bar muku mafi ban mamaki a ƙarshe. Wata Asabar aka gayyace ni aikin gayya a gangaren dutse, aka miƙo mini diga, aka nuna mini abokin gaba. Na duba, na sake dubawa. Ciyawa ce mai tushe, kanta kamar wutsiyar kyanwa. Suna ce mata bafalgiras. Sunanta na kimiyya Cenchrus ciliaris, ƙarangiyarmu kuma Cenchrus biflorus. 'Yan ɗaki ɗaya ne. Daga Afirka aka kai ta a shekarun 1930 don kiwo da tare zaizayar ƙasa. A wurinmu abinci ce, dabba ta ci, gobarar daji ta bi ta kai, damina ta sake tsirowa. A Sonora kuwa tsirrai a warwatse suke, tsakaninsu tsakuwa ce, wuta ba ta da gadar da za ta bi. Ciyawar nan ta zo ta cike tsakanin. In ta bushe ta kama, zafinta yakan wuce digiri 700, ta dafa sawaron da ya shekara ɗari da hamsin a tsaye, ita kuma ruwan farko ta dawo kore shar. Shi ya sa ake tumɓuke ta da hannu har saiwa, inda ƙafa ba ta kaiwa kuma a yi feshi da jirgi mai saukar ungulu.

Da suka ji daga inda na fito, wata dattijuwa ta ce to ga mai kaya ya zo, ya kwashe abinsa. Na ce Mama, mu ma muna riƙe da naku. Wani ɗan'uwan meskit daga nahiyarsu, dangin ƙiryarmu, an kawo shi Sahel don tare rairayi, yanzu ya cinye filaye a gefen Tafkin Cadi wajen Gigimi, masunta da manoma suna fama da ƙayarsa.

Shugaba yana nuna mini agogo. A ba ni tambaya ɗaya.

Wata ɗaliba: Malam, Allah ya gafarta, tunda ciyawar abincin dabba ce, me ya hana su saki shanu su cinye ta?

Madalla, 'yata, tambayar makiyaya kika yi. Saniya za ta ci ganyen ta bar tushen, tushen kuma shi ne ciyawar. Sannan irin yana maƙalewa a gashinta ta kai shi inda bai je ba. In rana ta take kuma, ina za ta je ta tsaya? Gindin uwar goyo. Don haka diga dai. Mu goma sha wani abu ne ranar, daga fitowar rana zuwa hantsi, abin da muka share bai kai faɗin wannan zauren ba. Duk tushen da ka cire sai ka karkaɗe ƙasar, ka tara, ka danne da dutse don kada iska ta kwashi irin, sannan in damina ta wuce a dawo a duba abin da ya sake tsirowa.

Na ji an kira magariba. Wassalamu alaikum.