Me ya sa Amurka ta jira wata biyar kafin ta far wa Saddam?

Ranar 2 ga Agusta 1990, tun kafin gari ya waye, tankokin Iraƙi suka tsallaka iyakar Kuwaiti. Cikin kwana biyu ƙasar ta faɗa hannun shugaban Iraƙi Saddam Hussein. Amma bam ɗin farko bai sauka a Bagadaza ba sai 17 ga Janairu 1991. Wata biyar da rabi ke nan. To, me Amurka take jira?

Kayan yaƙi dai nauyi gare su. Tankar Abrams ta Amurka guda ɗaya ta kusa tan 60, kuma ɗaruruwa ake buƙata, don haka sai ta jirgin ruwa, a yi makonni a teku. Sojojin laima da aka fara saukewa a Saudiyya ƙananan makamai ne a hannunsu. Da a lokacin Saddam ya zarce kudu, da sun ji jiki.

A gida kuma akwai zaɓen 'yan majalisa ranar 6 ga Nuwamba. Shugaba George Bush bai sanar da cewa zai kusan ninka dakarunsa da ke yankin ba sai ranar 8 ga wata, kwana biyu da rufe rumfunan zaɓe. Mai cewa katari aka yi, shi ya jiyo.

Ranar 29 ga Nuwamba, Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 678, ya ba Iraƙi wa'adi zuwa 15 ga Janairu ta fice daga Kuwaiti, in ba haka ba a fitar da ita da ƙarfi. Ku lura da wanda ya ɗaga hannu: Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce babbar mai sayar wa Saddam makamai. Da shekara goma baya ne, da wuya Mosko ta bari ƙudurin ya wuce. Amma a 1990 ta kanta take yi, tattalin arziki ya durƙushe, shugabanta Gorbachev na neman agaji daga Yamma. Sin ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Kuba da Yaman suka ce a'a, Yaman kuwa ta ɗanɗana kuɗarta, don Amurka ta yanke mata tallafi.

Sai dai jiran ma yana da iyaka. Cikin ƙawancen ƙasashen da Amurka ta haɗa akwai Masar da Siriya da Maroko da Senegal, har Nijar ta tura sojojinta Saudiyya. Azumi zai kama a tsakiyar Maris, Hajji a Yuni. Wane shugaban ƙasar Musulmi ne zai so a ce da shi ake ruwan bama-bamai kan Bagadaza mutane na buɗa baki? Ga zafin hamada na tafe, kuma soja sanye yake da rigar kariya daga iskar guba, wadda ko da sanyi gumi take sawa.

Har farin wata sai da aka duba. Wa'adin ya cika ne a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da dare yake baƙi ƙirin, abin da jiragen yaƙin Amurka samfurin F-117 suke so ke nan.

Aka yi sama da mako biyar ana luguden wuta ta sama. Jiragen Iraƙi ba su da halin leƙen asiri, sai kwamandan dakarun Amurka, Janar Norman Schwarzkopf, ya sulale da dubban motoci da tankoki can yamma cikin hamada, Saddam na nan yana gadin gaɓar tekun Kuwaiti. Ranar 24 ga Fabrairu sojojin ƙasa suka kutsa, suka zagayo ta bayansa. Awa 100 kacal, ranar 28 ga Fabrairu, Bush ya ce a tsagaita wuta, saura mako biyu da 'yan kwanaki a ga watan azumi.