Zaman Zen da aikin sito a Japan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau Lahadi babu aiki, shi ya sa na ɗauko ku a bidiyon nan muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Tsurumi, nan Yokohama. Waccan ƙatuwar ƙofar da kuke hangowa ita ce mashigar Sojiji, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyi biyu na Soto, wani reshe na Zen a addinin Buddha. Ɗayar ita ce Eiheiji a lardin Fukui, wadda malaminsu Dogen ya kafa a 1244. Ita Sojiji da can a yankin Noto take, gobara ta cinye ta a 1898, aka dawo da ita nan a 1911.

Na san tuni wani ya fara cewa, bawan Allah me ya kai ka ɗakin bautar wasu? A yi mini uzuri in kai ƙarshe. Sallata tana nan, kuma ban taɓa rusuna wa mutum-mutumin da ke ciki ba. Tun zuwan farko na gaya wa malamin da ke kula da baƙi cewa ni Musulmi ne, ba na sunkuya wa kowa sai Allah. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini inda zan zauna. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga irin wurin nan ba, ya tambayi malaminsa, ba dole. Abin da na samo ma ba sai an shiga ba.

Aikina a wani sito ne kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake loda kayan gyaran mota na hannu a kwantena: injina, giyabos, fitilu, ƙofofi. Kowane inji da lambarsa, kuma dole ta yi daidai da wadda ke takarda. In ka kuskure harafi ɗaya, sai kaya sun yi makonni a teku kafin wani mai shago a wata nahiya ya buɗe ya ga ba abin da ya biya ba ne. Ga kuma waya. Japan tana gaban Najeriya da awa 8, to lokacin da mutanen gida ke tashi da safe, nan ƙarfe uku na yamma ne, daidai sa'adda bayana ya fara ciwo. Sai saƙonnin WhatsApp su fara shigowa: kuɗin makaranta, maganin Inna, wane zai yi aure. Hannuna yana kan inji, zuciyata tana gida tana lissafin canji. In na koma ɗaki da dare sai abin ya juye, jiki a kan katifa, zuciya a sito.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare, shi ya koya mini tuƙa motar ɗaga kaya. Ba ya ajiye sifana sai ya goge ta da tsumma, kuma in yana kwance noti ko ka yi masa magana ba zai amsa ba sai ya gama. Na ɗauka miskilanci ne. Shi ya fara kawo ni nan.

Zaman nasu, zazen, ga yadda yake. Za ka cire takalmi da safa. A ba ka wani baƙin matashi mai zagaye, ka zauna a gabansa-gabansa, ka harɗe ƙafa, ka miƙe baya, ka fuskanci bango. Ba a rufe ido, ana dai sauke shi ƙasa. Tafin hagu a kan na dama, manyan yatsu suna ɗan taɓa juna. A buga ƙararrawa sau uku, shi ke nan, sai kamar minti arba'in babu motsi. Wani malami yana zagayawa a bayanku da faffaɗar sanda, wanda gyangyaɗi ya kama sai ya haɗa tafukansa alamar yana so, a ɗan zabga masa a kafaɗa. Ni dai ban roƙa ba, na sha rabona a makarantar allo.

Na zaci za a ce mu kori tunani. Ba haka aka ce ba. An ce tunani zai zo, kada ka bi shi, kada ka yi kokawa da shi, ka dai lura ya zo, ka koma kan zamanka da numfashinka. Wallahi a minti biyar na farko na biya bashi, na yi faɗa da shugaban sashenmu, na gina gida har na sa masa tayil. Gwiwa kuwa kamar za ta tsage. Amma a nan na ga abin da ban taɓa tsayawa na kalla ba: yawancin gajiyar da nake kwasowa daga aiki ba ta ɗaga ƙarfe ba ce, ta wannan zirga-zirgar ce da zuciya ke yi ba hutu.

Ku dubi wannan doguwar barandar katako. Ta haura mita 150, kuma ƙyallin nan da kuke gani na tsumma ne. Kullum ɗaliban wurin suna durƙusawa su goge ta daga wannan kai zuwa wancan. A wurinsu shara da girki da wanke kwano darajarsu ɗaya da zaman. Dogen da kansa ya ba da labarin wani tsohon mai girki da ya tarar a China, inda ya tafi neman ilimi a 1223. Tsoho ɗan shekara 68 yana shanya naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, cikin tsakar rana, ko hula babu. Ya tambaye shi me ya hana ya sa yara su yi, tsohon ya nuna masa cewa aikin nasa ne, wani ba zai zame masa shi ba. Ya ce to a bari rana ta yi sanyi mana, ya ce in ba yanzu ba sai yaushe.

Wannan ɓangaren ne na kai sito. Waya yanzu a loka take kwana har lokacin hutu, kuma mutanen gida sun san sa'ar da nake amsawa. Inji ɗaya nake yi a lokaci ɗaya. In karanta lamba, in nuna ta da yatsa, in faɗe ta a fili, yadda direbobin jirgin ƙasa na nan ke yi wa alamun hanya. Kafin in tada motar ɗaga kaya sai na ja numfashi sau uku. In na kama zuciyata ta gudu, ba na zagin kaina, in dawo da ita kan notin da ke hannuna. Sharar da ake yi kafin a tashi, wadda da nake yinta ina ƙunƙuni ina tuna takardun makarantata, yanzu ita ce lokacin da kafaɗuna ke sauka. Kuma akwai wani daɗi da ban san da shi ba a da: a rufe kwantena, a ɗaura mata hatimi, ka san duk abin da ke ciki ya bi ta hannunka kana sane.

Wani abin da ya ba ni kunya kaɗan, a sallar Azahar na fi ganin bambancin. A kusurwar sito nake shimfiɗa kwali in yi, kuma sau da yawa sai in kai raka'a ta uku ina ƙirga giyabos. Malamanmu sun daɗe suna yi mana wa'azin khushu'i, ba baƙon abu ba ne. Sai dai ban taɓa ɗaukar natsuwa a matsayin abin da ake koya da maimaici kamar tuƙi ba.

To amma kada a yaudare ku. Zama gaban bango ba ya rage awannin aiki, ba ya ƙara albashi. Ƙasar nan da ake yaba wa da natsuwa ita ce kuma inda mutane ke mutuwa saboda yawan aiki, har sai da gwamnati ta sa doka. Tun Afrilun 2019 aka fara aiki da ƙa'idar cewa ƙarin lokaci kada ya wuce awa 45 a wata da 360 a shekara, sai in akwai yarjejeniya ta musamman, ita ma da iyakarta. Tun Disambar 2015 kuma aka wajabta wa wuraren aiki masu ma'aikata 50 zuwa sama su riƙa yi musu gwajin damuwa duk shekara. Duk mai gidan da ya ce ka je ka koyi numfashi alhali yana danne maka kuɗin ƙarin lokaci, to ba Zen kake bukata ba, ofishin sa ido kan dokokin ƙwadago na yankinku za ka nufa, da takardar albashinka da lissafin awanninka a hannu.

Ƙarshen shekara na matsowa, kwantenoni za su yi yawa kafin hutun sabuwar shekara. Na riga na gaya wa shugaban sashenmu iyakar awannin da zan iya ƙarawa, ya ɗan ɓata rai, ya rubuta. Bari in sauke kyamara a nan, akwai masu shiga zaman kuma ba na so in ɗauki fuskar kowa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya yarda.